Ƙasar da Kan Allura Ya Rufe

Ranar Talata takarda ta sauko daga sama,
layi uku, da sa hannu kamar sawun kaza:
a shirya wakilci zuwa tsibirin can.
Na miƙe na nufi taswirar bango,
na neme shi har idona ya kawo ruwa.
Ashe allurar da muka soka tun bara
ita ta zauna masa a ka, ta rufe shi ruf.

Ofis ya kwashe da dariya.
Barau direba ya ce in Agege ta yi atishawa
sai ta fesar da jama'ar da ta fi tasu yawa.
Ni ma na dara. Ba zan ɓoye ba.

Kuɗin bai kai na cikakken jakada ba.
Aka ce wanda ke maƙwabta ya riƙa leƙawa
sau biyu a shekara,
kamar malami ɗaya mai makaranta uku.
Sauran kwanakin, ɗaki ne a saman shagon masu saƙar koma,
da ma'aikaci guda, da fanka.

Ni aka bar wa lissafi.
Tuta biyu, Baba Raufu na Obalende ya ɗinka,
ya ce koren farko bai yi masa ba, ya farke, ya sake.
Hatimi ɗaya. Tawada.
Kujeru huɗu, ɗaya tana ɗingishi.
Littafin baƙi mai shafi ɗari biyar,
ban san wa zai cika shi ba.
Janareta.
An ce wutarsu ba ta ɗaukewa,
na ce a saka dai, mu ba mu saba yarda ba.

Ana jibi kaya za su tafi Apapa,
ruwa na dukan Ikko tun asuba,
mai gadi ya leƙo ya ce wata na son ganin
"mai buɗe ƙofa".

Tasalla sunanta. Albasa take kasawa a Mil Sha Biyu.
Zanenta ya jiƙe har gwiwa,
mota uku ta hau kafin ta iso.
Ta kwance bakin gyale, ta fito da hoto:
saurayi mai wushirya, riƙe da kifin da ya kusa tsawonsa.
"Ilu ke nan. Jirgin kamun kifi ya bi,
damina bakwai ke nan.
Jirgin ya karye, mai jirgin ya gudu,
fasfonsa ya mutu a aljihunsa.
Yana can yana gyara wa mutane inji.
In ya bugo waya, Hausarsa har ta fara tsami."

Na ce, Inna, ƙasar ƙarama ce, za a same shi.
Ta dube ni, duban da ake wa yaron da ya yi katoɓara.
"Ƙarama? Ta haɗiye mini ɗa sukutum,
ko gyatsa ba ta yi ba."

Ta ajiye ƙullin daddawa a kan fayil,
ta ce a ba shi in an gan shi.
Doka ba ta san daddawa ba.
Na juya fom gaba da baya,
na rubuta: kayan ofis, iri-iri.
Na cusa ƙullin tsakanin hatimi da tuta,
na buga ƙusa.

Kwana uku akwatin ya yi a cunkoson tankoki
kafin ya ga ruwa.
Ina jin ranar da za a ɗaga tutar nan,
iskar teku za ta yi warin miyar gidanmu,
manyan baƙi su yi ta shinshina cikin ladabi,
wani bakanike a bayan taro ya tsaya cak.

Da yamma, bayan kowa ya watse,
na zare allurar nan,
na soka ta gefe, cikin shuɗin ruwa.
Ga shi nan, ɗigo kamar kashin ƙuda.
Na daɗe a tsaye.
Mai shara ta ce in ɗaga ƙafa.